Muryoyin Ɗan Japan

"Baiwar Allah, ki matsa min daga ƙofar nan tun muna shaida juna."

"Ba inda zan matsa. Ka kira mota a kai yaron nan asibiti, ni da kaina zan kama maka ƙafafunsa."

Yayan Ɗan Japan ne tsaye a gabana, hannu ɗaya riƙe da kaskon garwashi, ɗayan da ƙullin wasu saiwoyi a leda. A bayansa mai maganin da ya ɗauko ya sunkuyar da kai yana latsa waya, kamar ba da shi ake ba. Ni kuwa na baje hannuwana a ƙofar ɗakin da ba nawa ba, tef ɗin awo na rataye a wuyana, don daga kan keken ɗinki na taso. A cikin ɗakin ƙaninsa na kwance a katifa yana jan numfashi da ƙyar, leɓɓansa sun bushe har sun tsattsage.

"Wai ke wace ce tasa?"

"Maƙwabciyarsa. Bango ɗaya ya raba mu."

"To maƙwabtakarki ta tsaya a bangon. Wannan maganar gida ce."

Bai taɓa ni ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Kaskon kawai ya matso da shi saitin fuskata, zafin ya sa na ja da baya, suka shige shi da mutuminsa, na ji an danna sakata. Na tsaya a tsakar gida, matan gidan hayar namu na leƙena ta bayan labule.

Ɗan Japan dai bai taɓa zuwa Japan ba, ko jirgi bai taɓa hawa ba. Aikinsa a shagon buga takardu yake a bakin titi, yana yini yana buga wa mutane takardun neman aikin da shi ma bai samu ba. Ya haura talatin, ba mata, ba ɗa, sai littattafai da suka cinye rabin ɗakinsa. Sunan kuwa unguwa ce ta laƙaba masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. In zai gaishe ka sai ya rusuna har ka ji tsoron kada bayansa ya ƙage. Shinkafa ma da tsinke biyu yake cinta, ta huce yana fama. Shayinsa kore ne mai ɗaci, ba madara ba sukari, sau ɗaya ya ba ni na kurɓa na tambaye shi laifin da na yi masa. Ranar da ya kawo min hoto a waya in ɗinka masa irin rigarsu mai faffaɗan hannu, na ce masa wannan hannun ai sai a zuba cefanen wata guda a ciki. Na dai ɗinka, ya sa, ya yi ta juyi a gaban madubina kamar ango.

Na taɓa tambayarsa me Japan ta yi masa haka.

"Anti, tun ina yaro nake leƙen katun ɗinsu a talabijin ta tagar maƙwabta," ya ce. "Abin da ya kama ni, su ba sa jin kunyar tatsuniyarsu. Babba da furfurarsa zai zauna ya zana dilar da ke rikiɗa ta zama mace, a buga, a karanta, a girmama shi. Mu kuwa da zarar ka fara gemu sai a ce ka bar shirme. Ni shirmen nan nake so in rubuta, namu, da bakinmu."

Littafin nasa labarin wata ƙasa ne da ake haihuwar mutane babu inuwa, sai yaro ya tasa a kai shi wurin wata tsohuwa ta saƙa masa tasa daidai jikinsa. Sai tsohuwar ta yi kuskure ta ba wata ƙaramar yarinya inuwar da aka saƙa wa sarki. Ni da na ji haka na ce ai abu mai sauƙi ne, a kama mata ta baya a rage tsawon. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce da ni ce a ƙasar da littafin bai kai shafi biyu ba.

Sai dai yadda yake aikin ne ya ja masa. Ba ya rubuta layi ɗaya sai ya faɗe shi a fili da muryar mai maganar, ya ji ko ya zauna. Da ya dawo daga shago da yamma zai fara zagaye ɗaki, yanzu ka ji siririyar muryar yarinya, an jima ka ji sarki na tsawa, can kuma tsohuwa na mita, a tsakani ya jefa kalmomin Japananci da yake koya a waya. Farkon tarewarsa na ɗauka mace ya shigo mana da ita gida, na je na yi ta dukan ƙofa ina cewa nan ba gidan banza ba ne. Ya buɗe shi kaɗai, da sandar goge ɗaki a hannu wai takobi. Tun daga ranar na zama mai sauraronsa ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Ina taka keke ina jinsa, in tsohuwar ta yi shirme a sana'arta in daka masa tsawa ta bango, "Ƙarya ne, ba a fara yanka daga wuya!" Ya amsa, "Na gode, Anti!" ya sake faɗa daidai.

To wannan yaron ne ya fara ramewa. Ya kawo min wando na rage masa ƙugu, ba a jima ba ya sake kawo shi. Ruwa kuwa kamar ana zuba wa rairayi, ya shanye gora ya cika wata, hanyar banɗaki ta zama hanyarsa. Na ce ya je asibiti, ya ce babin ƙarshe ya rage, da ya gama zai je. Na ce babin ƙarshen zai yi maka allura ne? Ya rusuna min ya shige ɗaki, haushi ya sa na karya allurar keke a ranar.

Da ya yanke jiki ya faɗi a shago, mai shagon ya kira yayansa, wanda ke sayar da kayan gini a can wani gefen gari, shi kuma ya taho da mahaifiyarsu. Ni ina kasuwa sayen zare. Kafin in dawo matar ɗakin ƙarshe a gidan namu ta riga ta zaunar da su ta karanta musu komai: ai mun daɗe muna jin muryoyi a ɗakin nan, mata da maza, da wani yare da ba na mutane ba, ga wasu zane-zane a bango, ga rubutu daga sama zuwa ƙasa kamar tafiyar kiyashi. Matar da ko sannu ba ta taɓa yi masa ba, ranar ita ce likita. Na tarar an gama shawara, yayan ya tafi ɗauko mai magani.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce littafi yake rubutawa, haka yake aikinsa, ni shaida ce. Yayan ya dube ni sama da ƙasa ya ce ai su ma masu abin ta littafin suka shigo. Ya sa aka ɓamɓare zanen bango duka aka cusa a buhu.

Zaman farko da mai maganin ya yi ina tsaye a taga ina kallo. Lokacin Ɗan Japan yana cikin hankalinsa, rauni ne kawai. Mutumin ya durƙusa a kansa ya kama babban yatsansa ya murɗe, ya ce, "Wa ke jikin bawan Allahn nan? Ka yi magana!" Sai na ga Ɗan Japan ya buɗe ido ɗaya, ya hango ni, gefen bakinsa ya motsa. Na san wannan murmushin. Na girgiza masa kai, na sake girgizawa, amma ina.

"Ni ce mai saƙar inuwa, ɗaaan nan," ya faɗa da muryar tsohuwar, har da jan hanci. "Kai ma taka ta yi maka kaɗan. Kawo a ƙara mata."

Mahaifiyarsa ta saki salati ta dafe ƙirji. Mai maganin ya saki yatsan kamar ya taɓa wuta. Yayan ya juyo ya dube ni ta taga, ya ce, "To, malama mai littafi, kin ji da kunnenki."

Da suka fita raka mutumin na faɗa ɗakin kamar zan cinye shi ɗanye.

"Kai wane irin sakarai ne? Ana neman hanyar da za a kai ka asibiti, kai kana wasan yara?"

"Anti, kin ga fuskar Yaya kuwa?" Yana dariya yana riƙe ciki. "Tun ina ƙarami yake ce min taɓaɓɓe. Yau dai na ba shi abin da yake nema."

"Ka ba shi igiyar da zai ɗaure ka dai."

"Gobe zan ce musu wasa nake, in shirya mu je asibitin. Wallahi gobe. Miƙo min ruwan can."

Goben ta zo ba ya iya haɗa magana biyu. Abin da ke fita daga bakinsa gutsattsarin mutanen littafinsa ne da Japanancinsa, duk a cakuɗe, kuma duk kalmar da ta fito sai yayan ya gyaɗa kai kamar an ƙara masa hujja. Aka shiga yi masa hayaƙi safe da yamma, ana ɗura masa jiƙe-jiƙe yana amayarwa. Kullum sai na yi magana, kullum sai a ce in je in ji da ɗinkina. Har aka kawo wannan safiya da na ga numfashinsa ya canza, na tare ƙofa, aka kore ni da garwashi.

Bayan sun danna sakatar na koma ɗakina na zauna a kan keke, ƙafata ta ƙi takawa. Bangon da na saba jin sarki da yarinya ta cikinsa, yanzu muryar mai magani nake ji yana "Fita! Na ce ka fita!" sai tari, sai wani dogon numfashi mai gurnani kamar ana jan buhu a siminti. Hayaƙin ya biyo ta saman rufi ya cika min ɗaki, har kayan mutane da ke rataye suka ɗauki wari. Na ce a raina, in na ci gaba da zama a nan, da kunnena zan ji an kashe yaron nan.

Mahaifiyarsa na bakin famfo a kan kifaffen bokiti tana wanke zanin gadonsa. Tsohuwa ce ƙarama mai sanyin magana, irin waɗanda tun rasuwar miji suka miƙa wa babban ɗa komai, har da bakinsu. Na tsuguna a gabanta.

"Mama, ɗanki zai mutu."

"Kul, 'yar nan. Ki daina faɗa."

"Zan faɗa. Jikinsa ne ba lafiya. Mutum ya rame ya zama kara, yana shan ruwa kamar raƙumi, wannan aikin likita ne."

"Ni ma da kunnena na ji tsohuwar nan ta yi magana."

"Wace tsohuwa? Mama, ki tuna yadda ta ja 'ɗan nan', ta tsaya ta ja hanci kafin ta ci gaba. Wa kika sani yana magana haka?"

Hannunta ya tsaya a cikin kumfa. Ba ta ɗago ba.

"Shi da bakinsa ya faɗa min," na ce. "Muryarki ya ara, ta lokacin da kike tara su kina musu tatsuniya. Ya ce duk duniya babu wanda ya iya ba da labari kamarki, har mutanen Japan ɗin nasa. Shekara da shekaru ina jin muryar nan ta bango, ke ce ban taɓa gani ba sai yanzu."

"Na gane ta," ta ce a hankali. "Tun da ya buɗe baki na gane tawa ce. Shi ya sa na fi kowa tsorata. Na ɗauka abin ne ya sace min murya don ya nuna min ya san gidanmu."

Wallahi da ba tsohuwa ba ce da na girgiza ta. Yaro ya ɗauki muryar uwarsa ya sa a littafi don ƙauna, uwar ta ji ta ce aljani ne. Na ce addu'a ba ta hana asibiti, a tafi da ita a baki, a yi ta a mota, a yi ta a bakin gado.

"Yayansa ya ce can allura za su yi masa. Wai mai irin wannan lalurar in ƙarfe ya shiga jikinsa shi ke nan."

"Mama, ke kika haifi yayan nan, ba shi ya haife ki ba. Zan fita in tare mota. In na dawo na tarar da ƙofar can a rufe, ni dai na fita haƙƙinsa, ke za ki amsa."

Na fita titi ko mayafin kirki ban ɗauka ba, na tsaya a gaban wata tasi sai da direban ya taka birki yana zagina. Na ce ya ajiye zagin, mara lafiya za a ɗauka. Da muka shigo na tarar da tsohuwar tsaye a ƙofar ɗakin, hannunta har yanzu da kumfa, tana bugawa.

"Buɗe."

"Mama, ana tsakiyar aiki, ki ɗan yi haƙuri."

"Na ce ka buɗe."

"Ya kusa fita fa, malam ya ce saura kaɗan."

"In ba ka buɗe ƙofar nan yanzu ba, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Aka zare sakata. Hayaƙi ya fara fitowa, sannan mai maganin da jakarsa a hammata, yana cewa shi dai ya faɗa, in an kai shi babu ruwansa. Na ce masa dama can babu ruwanka, ka bi a hankali kada ka yi tuntuɓe da bokiti. Ya fice.

Yayan ne ya sungumo shi shi kaɗai, don babu nauyin da za a raba. Muka sa shi a baya, kansa a cinyar uwarsa, ƙafafunsa a tawa. Bakinsa na fitar da wani wari kamar na 'ya'yan itace da suka fara ruɓa. Idonsa a rufe, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙarfi. Ga cunkoso a hanya, ga rana, direban na ta danna ham yana kutsawa. Yayan na gaba bai waiwayo ba sai sau ɗaya.

"In wani abu ya same shi a can, ke ce."

"Na ɗauka," na ce. "Kai kuma ka ɗauki na kwanakin da suka wuce."

A asibiti wata nas ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Tana ganin abin da ta nuna ta bar mu a tsaye ta ruga, ta dawo da likita, wata matashiya mai gilashi. Nan da nan aka kewaye shi, aka rataya ruwa, aka yi ta neman jijiya ana rasawa. Likitar ta juyo ta tambaye mu tun yaushe yake haka. Uwar ta dubi ƙasa, yayan ya dubi bango. Ni na faɗa, ban rage komai ba, har hayaƙin da jiƙe-jiƙen.

"Ciwon sukari ne," ta ce. "Ya hau ya wuce misali, ya taɓa masa ƙoda. Shi ya kawo ƙishin da ramar da surutan."

"Sukari?" in ji yayan. "Likita, yaron da ko a shayi ba ya sa sukari?"

"Irin wannan ba ruwansa da shayi. Da kun kawo shi tun yana magana, da yanzu yana zaune yana cin abinci. Mutane na rayuwa da shi har su tsufa. Za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma ba zan ɓoye muku ba, an makara sosai."

Har su tsufa. Ashe abin da aka yi ta kora da garwashi, abu ne da 'yar na'ura kamar akwatin ashana ke ganewa kafin ka ƙifta ido.

Suka yi masa allurar da suke da ita, likitar ta rubuta ƙari a takarda ta ce a nemo a babban kantin magani, kuma a riƙo shi cikin ƙanƙara don ba ya son zafi. Yayan ya fizge takardar ya fita da gudu. Babban mutum mai tumbi, na hango shi ta taga yana tsallake kwata yana ɗaga wa masu babur hannu.

Muka zauna ni da tsohuwar, ita a gefen gado tana jiƙa auduga tana shafa masa a leɓe, tana kiran "Auta, Auta" a hankali. Ni kuwa ina kujera ina tafasa. Ina jin haushin yayan, da mai maganin, da matar ɗakin ƙarshe da dogon bakinta. Amma wanda na fi jin haushi shi ne wanda ke kwance. Mutum mai kai irin nasa, da ya ƙirƙiro ƙasa guda da sarkinta da dokokinta, ya kasa riƙe bakinsa na minti ɗaya a gaban mutanen da ya san ba su san wasa ba. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ka tashi ka gani, wallahi sai na yi maka rashin mutunci." Ban san ina kuka ba sai da nas ta miƙo min tishu.

Mutumin da ya cika mana gida da muryoyi, ko "Mama" bai samu ya faɗa da tasa ba. Rana ta karkata, hasken taga ya sauko kan gadon, numfashin nan mai ƙarfi ya fara yin nisa da juna, ya ja ɗaya, muka jira na gaba, bai zo ba. Likitar ta zo da gudu, suka danna ƙirji, suka yi abin da za su yi, sannan ta cire abin da ke kunnenta ta ce mu yi haƙuri. Tsohuwar ta yi salati, ta shafe masa ido, ta cire mayafinta ta lulluɓe shi har fuska. Ba ta yi ihu ba, ta dai riƙe ƙafarsa ta cikin mayafin ta ƙi saki.

Na fito baranda na tsaya ina jiran yayan. Na tanadi maganganu, na jera su ɗaya bayan ɗaya, wadda zan fara da ita da wadda zan rufe da ita, kuma na yi niyyar faɗa a gaban kowa, ko za a fitar da ni da masu gadi.

Sai ga shi ya shigo da gudu, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a bayansa, takalmi ƙafa ɗaya ya tsinke yana jansa. Ya rungume wata farar leda a ƙirji, cike da ƙanƙara, ƙananan kwalabe na leƙowa ta tsakiya. Ya wuce ni bai gan ni ba, yana cewa, "Na samo, sai a kanti na nesa, na samo." Ya ja labule, ya ga uwarsa babu mayafi, ya ga inda mayafin yake.

Ya daɗe a tsaye. Maganganun da na jera duk suka watse. Can ya juyo wajen nas ɗin da ke naɗe robar ƙarin ruwa, ya miƙa mata ledar da hannu biyu.

"'Yar'uwa, ina za a ajiye wannan? An ce kada ya yi zafi."

Nas ɗin ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da naɗe robarta. Ya fito baranda ya zauna a ƙarshen benci, ya ɗora ledar a gwiwa ya tallafe ta sosai. Ƙanƙarar na narkewa, ruwan na bin yatsunsa yana ɗiga a siminti tsakanin ƙafafunsa.